Shekarar da Aka Daina Gina Ajin Kara

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Dogarawa, titin kwalta ya bi ta gefensa, kuma a wurinmu ba a buɗe lakwal, wato makarantar boko, sai an gama yankan hatsi. Gwamnati tana da ranarta, mu ma muna da tamu. Aji biyu ne kawai na ginin ƙasa, na manyan yara, sauran na kara ne, kara kuwa sai an girbe gero ake samunsa. Idan kaka ta yi, mai gari zai sa a yi shela kowane gida ya kawo dami guda, masu hali su ƙara da zana. Maza su kafa dirkoki, su ɗaure tanka, kafin la'asar aji ya tashi. Idan damina ta matso a warware shi, abin da awaki suka rage a kai murhu. Haka na taras ana yi lokacin da nake 'yar lakwal, haka ɗana ma ya taras.

Ɗan nawa shi ne na fari a wurina, kuma har ya kai shekara bakwai bai taɓa ce mini inna ba. Ba kurma ba ne, domin ko yana bayan ɗaki aka buɗe ƙwaryar fura sai ka gan shi. Ba ya kallon idon mutum. Idan ƙishi ya kama shi, hannuna zai ja ya ɗora a bakin randa. Yana iya wuni yana zuba rairayi daga wannan hannu zuwa wancan, bai damu kowa ba. Amma a gusar masa da tabarma daga inda ya saba, ranar nan gidan ba mai shan ruwa da daɗi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne idan hayaniya ta yi masa yawa sai ya toshe kunnuwansa ya ruga, ba ya duba gabansa, ga titi kuwa tirelolin siminti da na albasa ba sa fashi.

Mutanen gari kowa da abin da yake kiransa. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce iska ta shafe shi tun yana ciki don na fita da tsakar rana. Surukata, uwar mijina, wadda muke gida ɗaya da ita, ba malamin da ba ta kai shi ba. An yi hayaƙi, an yi rubutu, har ni da lafiyata ƙalau aka ɗura mini nawa kason. Yaro dai yana nan yadda yake.

Mijina da an kai hatsi rumbu yake ɗaukar jaka ya ƙetara Najeriya cin rani, sai hadari ya fara haɗuwa ya dawo. Ni kuma ina zuwa ƙwadagon albasa a fadama, daga safe zuwa azahar, da shi muke cefane. Surukata gwiwoyinta sun gama aiki, ko kaza ba ta iya kora. Saboda haka kowane rani tambayata ɗaya ce: ina zan ajiye yaron nan da safe in dawo in same shi da ransa?

Shekarar da ya cika bakwai aka kawo sabon mushe, wato malamin lakwal, aka ba shi ajin farko. Saurayi ne siriri daga wajen Illela, muryarsa ƙasa-ƙasa, har mata suna tsegumi a bakin rijiya cewa ko akuya ba za ta kauce masa a hanya ba. Ranar da aka gina aji, ɗana ya bi masu ɗaukar kara, ya shige, ya nemi kusurwar baya ya zauna. Da ƙyar na fitar da shi. Washegari aka neme shi aka rasa, na zo da gudu zani a hannu, na same shi a kusurwar nan, yara suna ta karatu, shi yana zuba rairayinsa. Na shiga ina ba da haƙuri zan ja shi, sai mushen ya tare ni.

"Inna, ki bar shi. Mi ya ɓata?"

Inna fa ya ce, ni da ban ba shi shekara biyar ba. Na haɗiye wannan, na gaya masa yaron ba ya magana, ba ya jin kira, ba abin da zai koya.

"Masu magana sun ishe ni," in ji shi. "Wanga guda ba ya ƙara mini komi."

Haka ɗana ya shiga lakwal, ba wanda ya kai shi. Ban san me mushen nan ya sani ba, shi da kansa ya ce mini ba a taɓa koya masa komai a kan irin waɗannan yara ba. Lura kawai yake yi. Ya gane yaron ba ya son turereniya, sai ya riƙa barinsa ya shiga kafin sauran. Ƙararrawar lakwal ɗin wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin itacen bedi, wato dogon yaro, to kafin a buga sai ya je ya tsaya kusa da shi ya ɗaga masa hannu, yaron ya shirya kunnuwansa. Ya hana kowa zama a kusurwar nan. Ya ba shi allo da alli, bai ce ya rubuta komai ba.

A hankali abubuwa suka fara fitowa waɗanda ban san suna cikinsa ba. Ya koyi tsayawa a ƙarshen layi. Ya koyi zuwa bayan gari ya kama ruwa inda sauran yara suke zuwa, abin da na yi shekaru ina fama da shi a gida. Ya fara cika allo da 'yan da'irori ƙanana, a jere, ba mai taɓa 'yar'uwarta. Wata rana ina surfe na ji wani sauti a bayana, na juya, ashe shi ne yake bin waƙar da yara suke yi da safe, ba kalma ko ɗaya, amma muryar waƙar daidai take. Na ajiye taɓarya na shiga ɗaki na yi kuka, kukan daɗi, irin wanda ban taɓa yi a kansa ba.

Mushen ne ya matsa mini in kai shi wurin likita a Konni. Na bari sai da mijina ya dawo muka hau motar haya tare. Likitan ya daɗe yana kallonsa yana yi mini tambayoyi, sannan ya ce abin yana da suna, otisim ake ce masa, ba iska ba ce, ba kuma laifina ba ne, haka aka halicce shi, ba allurar da take cire shi. Ya ce a Yamai akwai makarantun da ake kai irinsu da safe a ɗauko su da yamma, malami ɗaya ya riƙe yara kaɗan, a koya musu yadda za su nemi abin da suke so, wasu har bakinsu ya buɗe. Na tambaye shi ko akwai irinta a Konni, ko Malbaza, ko Illela. Ya ce shi dai bai sani ba. Sai na yi dariya, ba don abin dariya ba ne. Mu da zuwa Konni ma sai mun yi shawara, ina mu ina Yamai. Da na ba shi labarin mushenmu, ya ce in riƙe shi hannu biyu, abin da yake yi ba ƙarami ba ne.

Rani biyu muka yi a haka. Yaran ajin suka wuce gaba, aka kawo sababbi, ɗana yana nan a kusurwarsa tare da mushensa. Da damina lakwal a rufe take, babansa kuma yana gida, yana tafiya da shi gona. Shekara ta zauna mana daidai, har na fara ƙiba, mata suna tambayata ko ciki ne.

Sai aka ce wata ƙungiyar taimako za ta gina mana azuzuwa na siminti. Garin nan ba wanda bai yi murna ba, kuma da dalili. Ajin kara ba ya tare sanyi, ba ya tare macizai, kuma kowa ya ji labarin garuruwan da wuta ta tashi a irinsa yara suna ciki. Aka ce magina za su zo da kayan aiki, ruwa da yashi kuwa na mutanen gari ne. Ni ce kan gaba a ɗibar ruwan nan. Kafin in tafi fadama sai na kai jarka biyu, wuyana har yau yana tuna mini. A raina ina cewa ga ɗaki mai ƙofa, mai rufewa, ɗana zai zauna a ciki titi ya yi ta kansa. Ranar da aka buɗe ginin, guɗar da na rangaɗa har a bakin kwalta an ji ta.

Da kaka ta zo ba a yi shelar kara ba. Dirakta, shugaban lakwal ɗin, ya ce ƙananan yara za a fara sawa a sabon gini. Na yi wa ɗana wanka, na sa masa rigar salla, na raka shi da kaina. Ya nufi inda ajinsa yake tsayawa kullum, ya taras da fili, sai ramukan dirkoki. Ya zagaya wurin ya sake zagayawa. Mushen ya zo ya ɗaga masa hannu, ya yi gaba a hankali, yaron ya bi shi har cikin sabon aji. Na ce alhamdu lillahi, na tsaya a bakin taga ina leƙe.

Ɗaki ne mai kyau. Rufin kwano, daɓen siminti, tagogin ƙarfe, bencina masu ƙafar ƙarfe. Ba rairayi a ƙasa. Ya je kusurwar baya ya tsuguna yana shafa daɓen da tafin hannu. Sannan aka saki yara suka shigo, kowa yana jan benci, ƙarfe yana kuka a kan siminti. Mushe ya tsaya a gaba, ajin gaba ɗaya ya miƙe ya ƙwala gaisuwar Faransanci da iyakar ƙarfinsa, yadda ake yi kullum tun muna yara. A ajin kara muryar nan fita take yi ta tsakanin karare ta bi iska. A nan ba ta da hanyar fita. Ta bugi kwano ta dawo, ni da nake waje sai da na ji ta a haƙorana.

Ɗana ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ya danne kunnuwansa, ya fara buga goshinsa a bango. Wata yarinya, da kyakkyawar niyya, ta kama hannunsa za ta cire masa daga kunne, ya cije ta har jini ya fito. Kafin in zagayo ta ƙofa ya riga ya fice, sai a gindin bedi aka kama shi, goshinsa a fashe.

Mushen bai saki abin nan da wuri ba, wannan zan faɗa a gaban kowa. Ya ce wa yara su riƙa gaisuwa a hankali, suka yi kwana biyu suka koma yadda suka saba, yara ne, kuma sun yi yawa. Ya zubo rairayi a kusurwa. Ya gwada zaunar da shi a bakin ƙofa, ya gwada shimfiɗa masa buhu a waje ƙarƙashin taga. Amma wanda yake waje ba mai ganinsa, mushe kuma ba zai bar aji cike da yara ya tsare mutum ɗaya ba. Wata safiya ina tsugune cikin albasa aka aiko a kira ni. An tsinci ɗana a tsakiyar kwalta, kunnuwa a toshe, wata tirela ta ci birki har ta sauka gefen hanya. Direban yana ta zagi, ban ga laifinsa ba.

Daren ranar ban ci komai ba, da safe kuma na ɗauki lauje na shiga gonarmu na yanko kara, na yi dami uku, na kai su harabar lakwal ɗaya bayan ɗaya. Na sami dirakta na ce ba kuɗi nake roƙo ba, ba ma'aikaci nake roƙo ba. 'Yar rumfa zan kafa a jikin bangon ajin, in kewaye ta, daidai zaman yaro ɗaya, inda mushe zai riƙa hango shi ta taga. Dattijo ne mai kirki, ya bar ni na gama maganata tas.

"Baiwar Allah," ya ce, "ni ma ɗiya gare ni, na san abin da ke cikin ranki. Amma umurni ya hito daga sama, ba a ƙara sa ƙananan yara cikin kara. In wuta tat tashi, ko wani abu yas same shi, mi za ni ce? Ga uban yarinyar da anka ciza ya zo nan sau biyu. Ki riƙe shi gida tukuna."

"Tukuna har yaushe, mushe dirakta? In ba nan ba, ina za ni kai shi?"

Ya kalli damin karan nan, ya ce bai sani ba. Na so ya yi mini tsawa, da na sami wanda zan zaga in huce. Mushen ajin yana tsaye a gefe, shi ne ma ya taya ni ɗora dami a ka.

Na kira mijina a waya na gaya masa. Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin na san shi, muna gaisawa kullum, abin yi nake tambaya. Na tuna masa maganar Yamai, ya ce Yamai wurin wa, mu ci me, gonar kuma wa zai noma, tsohuwa wa za a bar wa. Duk gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kashe wayar ban yi masa sallama ba.

Da karan nan na kewaye masa wata kusurwa a tsakar gidanmu, na zuba rairayi mai laushi, na ajiye masa allonsa. Ya shiga, ya zauna, na ce to, an samu. Amma da aka buga ƙarfen lakwal sai ya miƙe ya nufi ƙofa. Sai a lokacin na gane ba kara yake so ba. Wurin yake so, da mushensa, da yaran nan da bai taɓa kallon idonsu ba. Kullum haka: ƙarfe ya yi ƙara, ya fita, ya je filin tsohon ajinsa ya tsaya, karatu ya tashi a sabon gini, ya toshe kunne ya ruga inda ƙafa ta kai shi. Gidanmu dangar kara ce, ba ta tare shi. Na gwada kulle shi a ɗaki, na dawo na taras da jini a bango. Na gwada tafiya da shi fadama, ƙarar injin ban ruwa ta kore shi, ya tattake wa mai gona albasa, ga rijiyoyi a buɗe ko'ina. Na zauna gida ina tsaronsa har tukunya ta fara kwana ba a ɗora ta ba.

Mushen ya zo gidanmu da la'asar wasu 'yan ranaku, da alli a aljihu. Yaron bai ko juya ba, a wurinsa mushe na lakwal ne, ba na gida ba. Daga baya ya daina zuwa. Yana nan garin har yanzu, idan muka haɗu a hanya yana gaishe ni da ladabi, idonsa a ƙasa, ni ma nawa a ƙasa.

Wata rana na ga surukata ta yayyaga wani tsohon zaninta tana tufka. Na ɗauka igiyar shanya take yi. Da ta gama ta miƙo mini, doguwa ce, mai laushi, ta ninka bakin da ƙyalle. Ta ce igiyar ba za ta ci masa ƙafa ba, ta gwada a nata hannun. Ta ce a ɗaura a dirkar rumfa, inda akwai inuwa da randa kusa, ita za ta zauna tare da shi har in dawo. Abin da na gaya wa tsohuwar nan a ranar ba zai rubutu ba. Na ce ɗana ba akuya ba ne, ɗan lakwal ne, ya san layi, ya san waƙa. Ta ce kawai, "Ɗiyata, gara ki iske shi ɗaure da ki iske shi an lulluɓe." Ta ajiye igiyar a kan tabarma ta koma ɗakinta.

Bayan kwana biyu na ɗauki igiyar. Ranar farko sai da na danne shi da gwiwa, ya yaƙushe mini fuska, ina tafiya fadama ina jin kukansa har na wuce masallaci. Na yi dashen ranar nan ban san abin da nake dasawa ba. Kwanaki suka yi ta tafiya a haka, kowace safiya kokawa, kowace azahar in kwance shi ya ƙi yarda in taɓa shi. Waƙar nan kuwa tun ranar ban sake jin ta ba.

Wata safiya na gama shiri, na ɗauko igiyar ina tattara ƙarfina don kokawar da na saba. Aka buga ƙarfen lakwal. Ya miƙe, ya kalli ƙofa, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya tafi ƙarƙashin rumfa da kansa, ya zauna a gindin dirka, ya miƙo mini ƙafarsa ta hagu, wadda nake ɗaurewa kullum.

Surukata tana zaune a kan tabarmarta da tasbaha. Ta ce, a hankali, don ta kwantar mini da rai, "Kin gani ko? Ya koya."

Na durƙusa na ɗaure. Bai motsa ba. Na matso masa da ƙwaryar fura, na ɗauki mayafina, na tafi fadama, don rana ta riga ta yi.